Gadar Gwaggo Hassi

Ni fa tun farko na ce a cire sunana. Yaya Rabi ce ta ce kowa ya turo abin da ya tuna game da Gwaggo Hassi a guruf ɗin gidanmu kafin ranar addu'ar arba'in. Masu digirin gidan suka turo "Allah ya jiƙanta" layi ɗaya da ɗan hoton hannuwa, suka kashe data. Ni da na tsaya aji uku na sakandare, ni aka ce in yi mai tsawo, wai na fi kowa yawo da ita. To ai yawon ma ba nemansa na yi ba, kama ni aka yi, yadda aka kama ni yanzu. In kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri, da babban yatsa nake yi, zaune cikin Napep a bakin tasha, ga wani fasinja yana ta tambayata ko yau zan tashi.

Na ga an ƙara surukai da dangin Tsafe a guruf ɗin, bari in ɗan yi musu shimfiɗa. Gwaggo Hassi ƙanwar Babanmu ce. Shan inna ya kama ta tana 'yar shekara huɗu, ƙafafu suka tafi, ƙarfin ya koma hannu da baki. Sana'arta gyaran keken ɗinki. Duk gidan da namiji ba ya shiga, daga Gusau har Tsafe har Bungudu, in keken ɗinki ya fara tsallake zare ko karya allura, ita ake kira. Kayan aikinta uku ne: kekenta na guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, jakar sifanoni, sai kuma gada.

Gada wani katako ne na maɗaci, tsawonsa bai fi kamu biyu ba. Wani kafinta ya goge mata shi, ita kuma duk Juma'a sai ta shafa mishi mai, har ya zama kana ganin fuskarka a jiki. In za ta shiga mota, sai ta matso da keke dab da ƙofa, ta ɗora kai ɗaya bisa kujerar keke, ɗaya bisa kujerar mota, ta dafa, ta zame. Kafin ka buɗe baki ka ce sannu, ta riga ta gyara mayafi tana tambayar direba abin da ake jira. Dokarta guda ce, kuma duk tashoshin nan an haddace ta: ba a ɗaga ta.

"Buhu ake ɗauka," haka take cewa. "Ni ƙetarewa nike."

Ranar da Alhajin da nake wa aiki ya miƙo mani makullin Napep, sabuwa dal, ko ledar kujera ba a cire ba, tun daga bakin layi na fara danna hon don 'yan matan unguwa su leƙo. Ba wadda ta leƙo sai Gwaggo. Ta kewaye Napep ɗin da kekenta sau biyu, ta kara kunne.

"Aji Uku, kashe ka sake tayarwa."

Aji Uku ni ne. Sunan yanka Bashar, amma tun da na bar makaranta ban sake jin shi a bakinta ba. Na kashe, na tayar.

"Lahiyarta lau. Biyo ni."

Ta shige gaba, ni ina baya, har wurin mai walda. Na ɗauka kekenta za a taɓa. Ta ce in je in sayo mata rake a tsallaken titi, kuma in zaɓo mai zaƙi, kar in yi sauri. Ina dawowa da rake na hango wuta tana tartsatsi daga bayan Napep ɗin mutane. Wata ƙatuwar ƙugiya ta ƙarfe aka manna. A nan za a riƙa rataye tayar gaban kekenta, shi kuma ya biyo mu a baya da ƙafa biyu kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Na ce, "Gwaggo, kin kashe ni. Ko kwana ɗaya ban yi ba."

Ta ce, "Raken ba shi da zaƙi."

Washegari Alhaji ya ga ƙugiya, ya ce ko ta fita ko makulli ya dawo. Na gaya mata ina kusan kuka. Ta ce in kai ta. Muka same shi a ƙofar gida bisa tabarma.

"Hajiya, wa ya ba ki izinin taɓa mani kaya?"

"Alhaji, duba da kyau. An rage maka wani abu?"

"Ba a rage ba, amma..."

"To ƙaruwa ka yi. Ɓarawo cirewa shike. Ni ƙarawa na yi, kuma ko godiya ban ce ka yi ba."

Yana cikin neman amsa sai ta ɗaga mishi hannu, ta karkata kai wajen cikin gida. Wani keken ɗinki ne ke ta kuka a ciki. Ta ce, "Wancan na wa ne? Kafin gobe zai karya allura." Ba ta jira izini ba ta murza keke ta shige. Ni da Alhaji muka zauna muna kallon tabarma. Can sai ƙarar keken ta koma sumul, sai ga muryar uwargidan Alhaji daga bayan labulen zaure:

"Alhaji, ƙugiyar nan ta zauna."

Ƙugiya ta zauna. Ni ma na zauna, shekara shida, direban Gwaggo ba da takardar ɗauka aiki ba.

Abin da ke ƙona mata rai bayan ɗagawa shi ne a gan ta a bakin hanya a ɗauka bara take. Wata rana muna jiran mota ta cika, wani mai babbar riga ya zo wucewa, ko kallon fuskarta bai yi ba, ya saki kuɗi bisa cinyarta ya ƙara gaba. Sai na ji ƙararrawar keke. Ta bi shi cikin tasha, mutane suna darewa, ta cim mishi wajen masu lemu. Ta miƙa mishi kuɗinsa, ta buɗe jaka ta ɗora mishi allura da zare a kai.

"Malam, ka ɗinke aljihunka. Na ga kuɗi na zubo maka."

Mutumin ya tsaya da allura a hannu. Har muka tashi yana nan, masu lemu suna ba shi shawarar irin ɗinkin da ya fi riƙo.

Tsofaffin direbobi sun san ta, gidan gaba nata ne, keke kuma a ɗaure shi a but ko bisa. Matsala sai in an yi sabon kamasho, irin yaran nan masu lodi da suke ganin tasha gadon ubansu ce. Akwai wani dogo, kwanansa uku da fara aiki, muka zo za ta Tsafe. Ya dube ta, ya dubi keke, ya ce but ya cika da buhunan taki, ita ta shiga, keken ya biyo mota ta gaba.

Ta ce, "Mi ka ce, ɗana?"

"Hajiya ai duk ɗaya ne. 'Yan mintoci ne tsakani."

"To madalla. Ciro ƙahwahunka a sa cikin wagga, kai ka biyo ta baya. 'Yan mintoci ne."

Fasinjoji suka yi dariya, shi kuma ya ji kunya, kunyar ta koma taurin kai. Ya ce in ba ta so ta jira, ya rufe but, ya buga wa direba murfi ya tashi. Na ce shi ke nan, yau an ci Gwaggo. Ashe ta riga ta bar wurin. Ƙofar fita daga tashar nan mota ɗaya take ci. Ta je ta gindaya keke a tsakiya, ta ja birki, ta zura sarƙa cikin taya ta danna kwaɗo. Sannan ta shimfiɗa tsumma bisa cinya, ta ciro wani ƙaramin ƙarfe na cikin keken ɗinki ta fara goge shi da tsohon buroshin haƙori, hankali kwance.

Motar Tsafe ta tsaya. Ta bayanta ta tsaya. Masu shigowa suka tsaya a titi. Hon ta ko'ina. Wani ƙato ya ce a taru a ɗauke ta har keken a aje gefe. Ba ta ko ɗago kai ba, ta dai ciro doguwar sukudireba ta aje kusa da hannu.

"Wanda hannunshi ya yi mishi yawa ya matso."

Ba wanda nasa ya yi wa yawa. Sai ga shugaban tasha, wani dattijo mai jan gemu, ya fito daga ofis da cokali a hannu, abinci yake ci. Bai tambayi abin da ya faru ba. Cewa ya yi, "Wa ya taɓo Hassi?" Aka nuna dogo. Ya ce a sauke taki. Mai takin ya fara ƙorafi, wai shi ya riga zuwa.

Gwaggo ta ce, "Takinka in an aje shi Tsafe zai zauna inda anka aje shi har ka zo. Ni in an aje ni babu keke, haka zan zauna kamar shi. To ni ba taki ba ce, gidaje huɗu ke jirana."

Dogo da kansa ya ɗaure keken. Ta leƙo ta taga ta ce ɗaurin bai yi ba, ya sake. Sau uku. Daga baya shi ne ya zama mai ajiye mata gidan gaba tun kafin mu iso.

Akwai shekarar da wata ƙungiya, kar ku tambaye ni sunanta, ta kawo bas guda mai faɗin ƙofa, da wani farantin ƙarfe da ake saukewa har ƙasa, mai keke ya hau da kekensa ba sai ya sauka ba. A ciki an bar fili babu kujera, ga bel na ɗaure keke. Aka kafa rumfa, aka yi jawabi, aka ɗauki hoton Gwaggo ta dama da ta hagu. Ranar ce na fara ganin ta shiga mota ba gada. Murzawa kawai ta yi, sai ga ta ciki. Har muka kewaya gari muka dawo ba ta zagi kowa ba. Da za mu sauka ta ce mani a hankali, "Aji Uku, ashe haka kuke ji."

Aka sa bas ɗin a layin Bungudu. Ba a yi wata ba muka zo za ta Rawayya ta can, muka tarar direba ya kafa benci a filin, ya ɗaure shi da noti, farantin kuma ya naɗe shi da waya wai yana mishi ƙara.

"Hajiya, fili yana zaman banza. Mutum huɗu ke zama nan yanzu."

"Gaskiyarka," in ji Gwaggo. Da na ji ta ce gaskiyarka na san yau akwai aiki. "Yaushe za ka tashi?"

"Sai ta cika. Bari in sha shayi."

Yana ba da baya ta ɗora gada daga keke zuwa daɓen bas, ta zame ciki, ta kwanta ƙarƙashin benci da sifana. Ta ce in riƙe mata kan ƙusa ta sama. Na ce Gwaggo za a kama mu. Ta ce in an zo kamun in ce ban iya karatu ba. Kafin a gama soya wa direba ƙwai, benci yana waje ƙarƙashin dalbejiya, tsofaffi huɗu sun zauna a kai suna sa mata albarka, faranti yana ƙasa, keke yana ciki an ja mishi bel.

Direba ya dawo yana share baki, ya tsaya.

"Hajiya, wannan ai ɓarna ce."

Ta miƙa mishi notinsa ƙulle a leda. "Gyara ne. Sana'ata ke nan. In na ga an sa abu inda ba wurinshi ba, cirewa nike."

Ya kai ƙara wurin shugaban tasha. Dattijon ya zo, ya dubi bas, ya dubi benci, ya ce wa tsofaffin su matsa, ya zauna. Ya ce dama tashar nan ta daɗe tana buƙatar benci. Sau biyu direban yana mayarwa, sau biyu tana cirewa, a na uku ta tafi da notin gida. Bas ɗin dai bai yi tsawon rai ba, wani abu ya lalace a inji aka ce sai an aiko da shi daga wani gari. Yana nan bayan tasha, awaki na shan inuwa a ƙasansa. Gwaggo ta koma wa gadarta, ba ta ko yi tsaki ba. Ta ce dama ba ta sallame ta ba.

Yanzu na zo wurin da ba ni son zuwa, don ni ne ban fito da kyau a ciki ba.

Kun san halin da hanya ke ciki, ba sai na faɗa ba. Wata rana da damina, gero ya fi mutum tsawo, ta ce in aje Napep in raka ta Tsafe, akwai kan keken ɗinki da za a ɗauko, yana da nauyi. Muna dawowa da rana tsaka sai muka ji wata ƙara a gaba, motoci suka fara juyowa suna kunna fitila. Wani a bayanmu ya ce, "Su ne." Direba ya taka birki, ya buɗe ƙofa, ban sake ganinsa ba. Mu ma muka bi. Ina faɗa muku gaskiya tun da ta mutu ba ta nan balle ta faɗa: na gudu. Ban waiwaya ba. Sai da na yi nisa cikin gero, takalmi ƙafa ɗaya, ina kwance kusa da wani malami da ke ta karanto duk abin da ya zo bakinsa, sannan na tuna wa na bari a gidan gaba.

Ashe tayar tirela ce ta fashe. Muka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kakkaɓe riga yana yi kamar fitsari ya je. Muka same ta zaune inda take. Ta cinye dafaffiyar gyaɗar direba, ta kuma gyara mishi abin murza gilashi da ya shekara ba ya aiki. Ta dube ni daga sama har ƙafar da ba takalmi.

"Aji Uku, ashe kana da gudu haka? Da makaranta ka nufa da yanzu kana jami'a."

Mota duka aka kwashe da dariya, har direba. Ni ban yi ba. Da muka iso Gusau za ta ɗora gada, na ga sai da ta aje katakon sau biyu kafin ya zauna. Ban taɓa gani ba, ban kuma sake gani ba.

Ni na gaya wa Baba. Tsoro ne da kunya suka haɗu mani, na rasa inda zan sauke su. Baba ya jira ta shiga sallar la'asar, ya ɗauke gada daga jikin kekenta ya kulle a ɗakinsa. Ya kira ni ya ce daga yau kar ya sake jin na kai ta tasha. Cikin gari ta yi yawonta da keke, amma babbar hanya ta ƙare. Da ta fito ta ga wurin gada wayam, ta dube ni kawai. Kwana uku ba ta yi mani magana ba, ba ta yi wa Baba ba. Gidan nan ya yi tsit har kaji sun lura.

Rana ta huɗu da safe aka kira ta daga Bungudu. Wata Larai ce, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, da ɗinki take ci da su. Kekenta ya cije, ga babbar Sallah saura kwana goma, ga kayan mutane jibge. Ina jin muryar matar ta waya, kuka take.

Gwaggo ta kashe waya ta ce, "Ɗauko Napep."

Na ce, "Baba ya hana."

"Madalla da ɗa mai biyayya."

Ta rataya jaka, ta ɗaura gorar ruwa, ta murza keke ta fita. Na ɗauka tasha za ta. Ta wuce tasha. Ta wuce gidan mai na ƙarshe. Ta hau gefen kwalta ta miƙi hanyar Bungudu da hannu biyu. Ni kuma ina bayanta cikin Napep a giya ta ɗaya, don Baba ɗaukarta ya hana ni, bai ce kar in bi ta ba. Tireloli suna wucewa, iskarsu na ɗaga mata mayafi, keken yana tangaɗi. Na matso na ce ta yi wa Allah ta tsaya. Ta ce in daina busa mata hayaƙi a hanci.

Wani direba da ya san ta ya tsaya. "Hajiya, lafiya? Shigo mana, gidan gaba babu kowa."

"Da mi zan shiga? An kulle mani gada."

"To mu ɗan taimaka mu..."

Ta dube shi. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ja motarsa. Haka uku suka tsaya, kuma kowane ya tafi da labari. Kafin hantsi ya yi zafi duk tashar Gusau an san Malam Mamman, Babanmu ke nan, ya kulle gadar Hassi, ga ta can tana tuƙa Bungudu da hannu. Ni ma na kira shi, bai ɗauka ba.

Akwai wani hawa a hanyar, a mota ba ka ma sanin hawa ne. A nan keken ya fara komawa baya. Na diro na sa hannu zan tura.

"Cire hannunka."

"Gwaggo, tafinki ya fashe, ga jini a jikin ƙarfe."

"Nawa ne. Cire."

Na cire. Ta riƙa yanka hawan a karkace, ta yi dama, ta ja birki, ta huta, ta yi hagu. Ina tsaye ina kallo, ba abin da aka bar mani in yi sai kallon. Da ta kai bisa ta gangara gindin wata tsamiya, ta sha ruwa, ta yage tsumma tana naɗe hannu da haƙori.

A nan muka ji ƙarar tsohon babur ɗin Baba. Ya zo da jallabiyar zaman gida, babu hula, shi da ko shago ba ya zuwa ba hula. A bayan babur ga gada, ya naɗe ta cikin dardumarsa ya ɗaure da roba. Amma bai kwance ba. Ya kafe babur, ya zauna bisa saiwar tsamiya, ya daɗe yana kallon hannunta.

"Hassi, kin tara mani jama'a. Tun safe waya ke ƙara."

Ta ci gaba da naɗe hannunta.

"Ba don in wulaƙanta ki na yi ba. Ni na goya ki zuwa makarantar allo, kin manta? Tun ranar da kika ce kin daina hawa bayana ban sake taɓa ki ba. Amma wannan ba kamasho ba ne da za ki tare wa ƙofa. Rannan taya ce. In wata rana ba taya ba ce fa? Kowa zai shiga daji, har wannan," ya nuna ni, na sunkuyar da kai. "Ke fa? Ba ki iya gudu, Hassi. In aka zo mani da labari, me zan ce wa iyayenmu gobe ƙiyama?"

Ban taɓa jin Baba haka ba. Har ga Allah a lokacin ina goyon bayansa, na ce yau kam ba ta da amsa.

Baba yana cikin guruf ɗin nan, ya san yadda aka ƙare, shi ya ma ce in na zo nan kar in rage komai. Amsar da ta ba shi zan aje ta ƙarshe. Larai dai ta gama ɗinkin Sallarta. Gwaggo ta ƙara damina uku tana ƙetarawa, Tsafe, Bilbis, 'Yankuzo, duk inda aka kira. Kuma ba a hanya ta mutu ba. Bisa gadonta ta cika, da hantsi, bayan zazzaɓin kwana biyar, Baba yana riƙe da hannun nan da ya yi kanta. Matan da suka zo gaisuwa, wasu ban da asibiti ba su taɓa fita garinsu ba, sai da aka shimfiɗa musu tabarmi har waje. Allah ya jiƙan Gwaggo Hassi, ya yafe mata kaifin bakinta, ni ma ta yafe mani gudun da na yi. Allah ya hutar da hannuwan nan, ya sa ta ƙetare siraɗi cikin sauƙi, ya buɗe mata ƙofa mai faɗi. Amin.

A gindin tsamiyar dai, sai da ta gama ƙulle tsumman, ta tofar da zaren da ya maƙale mata a haƙori, sannan ta ɗago ta dubi Baba.

"Yaya, tun ina shekara huɗu ban iya gudu, kuma ba abin da ya taɓa cim mani sai wanda Allah ya rubuto. Ku masu ƙahwahun, shekara nawa kuna gudun? Ina kunka kai? Ga ku nan gindin tsamiya guda da ni. Kwance mani gadata, marayu na jira."